Amsa: Hollow Knight ya cancanci kuɗinsa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wasan bidiyon nan Hollow Knight ya cancanci a saya. Ni dai na ce e, in kana da haƙuri.

Team Cherry, wasu 'yan tsiraru a Ostareliya, suka fitar da shi a 2017. Zanen hannu ne, ga kiɗa mai ratsa jiki, tsalle da saran takobi kuwa da ka danna suke amsawa.

Inda yake ban haushi: taswira sai ka nemo Cornifer, mai zana taswira a cikin wasan, ka saya, kafin nan lalube kawai kake. In an kashe ka, kuɗinka sun zube, sai ka koma inda ka mutu ka doke inuwarka kafin su dawo hannunka. Bencin da ake farfaɗowa kuma wani lokaci yana da nisa da manyan dodanni. Wajen Soul Master, ɗaya daga cikin dodannin, na sha wannan zirga-zirgar har na kusa haƙura.