Yawon buɗe ido abin yi wa digiri ne?

Tambaya: Malam, na gama digirin farko a ilimin zamantakewa, na yi hidimar ƙasa. Burina in zama malamar jami'a, in ƙware a kan yawon buɗe ido da shaƙatawa. Kawuna ya ce wannan karatun ma'aikatan otal ne. Akwai makoma a ciki? Daga wata ɗaliba a Birnin Kebbi.

Amsa: 'Yata, ki gaishe min da kawu, amma ya haɗa abu biyu. Mai karatun otal yana koyon saukar baƙo da ciyar da shi. Ke kuwa abin da za ki bi shi ne: in baƙo ya zo, aljihun wa kuɗinsa ke shiga, wa ake ɗauka hoto, me ke sauyawa a garin?

Ga abin bincike nan a ƙofar gidanku. Bikin kamun kifi na Argungu ya faro a 1934, UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, an kuma shafe kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020. Kowa ya san hoton masunta a bakin kogin Matan Fada, kowa da gorarsa da homarsa, suna jiran a ba su izinin faɗawa ruwa. Ke ki koma bayan an kwashe rumfuna, manyan baƙi sun watse. Ki zauna da masuncin da bai kama giwan ruwa ba, da mai tuwo-tuwo, da ɗan acaɓa, ki ji yadda shekarun da ba a yi bikin ba suka taɓa tukunyarsu. Ke mace ce, za ki shiga cikin gidajen da ni sai dai in tsaya a zaure.

Sai dai ki sani, da wuya ki ga an tallata gurbi da sunan wannan fanni. Sashen ilimin zamantakewa ne zai ɗauke ki, ki koyar da dabarun bincike da sauran darussa kamar kowa, don haka ki riƙe su da kyau. Digiri na biyu da na uku dole ne. Tallafin karatu na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, kuwa sai wanda ya riga ya zama malami a babbar makarantar gwamnati, kada ki sa shi a lissafi tun yanzu. Albashin ma ba na yin fankama ba ne.

Kafin ki cike fom ɗin digiri na biyu, ki fara neman malamin da zai yarda ya duba miki aiki a kan wannan batu, ki je masa da shafi biyu a rubuce kan Argungu.