Ɗaliban haƙori da makin da suke bai wa makarantarsu

Ƙanwata, kin tambaya ko gaskiya ne ɗaliban likitancin haƙori sun fi kowa kuka da yanayin karatunsu, da kuma ko takardar tambayoyi za ta iya auna haka, tunda a kansa za ki yi bincikenki na gama digiri. Na cike irin takardar nan ina ɗalibi, daga baya na koma tsayawa a bayan ɗalibai ina duba aikinsu. Sai ki yi haƙuri, zan ɗan ja zancen.

Takardar da aka fi amfani da ita ita ce DREEM, wadda Sue Roff da abokan aikinta suka fitar daga Jami'ar Dandi ta Sikotilan a 1997. Jimloli 50 ne, ɗalibi ya bai wa kowacce maki daga 0 zuwa 4, cikakken maki ya kama 200. An kasa ta gida biyar: koyarwa, malamai, yadda ɗalibi ke ganin ƙoƙarin kansa, yanayin makaranta, sai zamansa da mutane. Daga 101 zuwa 150 ana fassara shi da cewa mai kyau ya rinjayi marar kyau, kuma nan makarantun haƙori da yawa ke faɗawa. Hukuma ta ga lambar, ta ce madalla, a rufe fayil.

To, ni ban yarda da wannan lamba ɗaya ba, ga dalili.

An tsara takardar ne don ɗaliban fannin lafiya gaba ɗaya. Shi kuwa ɗalibin haƙori, tun bai karɓi digiri ba ake damƙa masa inji ya fafe haƙorin mutum mai rai, kuma abin da ya fafe ba ya tsirowa. Kafin nan watanni ya yi a kan kan roba, wato kan mutum-mutumi mai haƙora da ake koyon aiki a kansa, wanda likitan haƙori Oswald Fergus ya ƙirƙiro tun 1894. Kan roba ba ya tara yawu, harshensa ba ya bin inji, ba ya zabura in ya ga allura. Ranar da aka zaunar maka da mutum a kujera, duk abin da ka haddace sai ya gudu ya bar ka da madubi a hannu, kana ƙoƙarin aiki a haƙorin sama da hoto a juye.

Daga ranar nan, abin da ake kira yanayin karatu ya tashi daga ɗakin lakca ya koma gefen kujera. Ina aji na farko a asibiti na gyara ramin ciko a wani matauni, na kira malami ya duba. Ya leƙa, ya ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji, ya tambaye ni ko rijiya nake haƙawa. Matar da ke kwance baki buɗe ta ji komai. Ba ta ƙara dawowa ba, kuma ban ga laifinta ba. Bayan kwana biyu na yi kusan irin kuskuren a gaban wata malama. Ta ce wa marar lafiya ya kurkure baki ya huta, ta ja ni gefe, ta zana min a takarda inda bangon ramin ya yi siriri, ta ce in koma in gyara. Sashe ɗaya, mako ɗaya. Da aka ba ni takarda aka ce in auna "malamai", wanne zan auna a cikinsu? Na sa 2, na wuce. Shi ya fi ƙarfin 2 a muni, ita ta fi ƙarfinsa a kyau.

Sai batun adadin aiki. Kafin a bar ka ka zauna jarrabawa dole ka cika ciko kaza, cire haƙori kaza, haƙoran roba kaza, kowane mataki da sa hannun malami. Marar lafiya ya ƙi zuwa, kujera ta lalace, ko ka yi rabin awa kana jiran sa hannu allurar kashe zafi na sakin bakin mutum, duk a wuyanka. Wannan tsari ne ke sa ɗalibi ya fara kallon mutane a matsayin lamba, har aminai su ɓata a kan wanda zai samu mai buƙatar wankin jijiyar haƙori. (Kunya nake ji in na tuna murnar da na yi ranar da na ga bakin da babu haƙori ko ɗaya.) DREEM ba ta tambayar wannan kai tsaye. Takardar DES ta Garbee da abokansa, ta 1980, ita ta fi kusa, don a kan damuwar ɗalibin haƙori aka gina ta.

Ko sun fi kowa kuka? Ba zan ce haka ba. Kukan nasu dai daban ne, kuma a ganina ya fi tsanani a shekarar shiga asibiti. Don haka kada ki haɗa 'yan ajin farko da na ƙarshe a tukunya ɗaya. Ki raba su aji-aji, ki bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda matsakaicin makinta ya tsaya a 2 ko ƙasa, nan ciwon yake. Ki lura kuma akwai jimloli 9 da aka rubuta a juye, sai an juya makinsu kafin a tara, kuma nan mutane ke yawan tuntuɓe. A ƙasan takardar ki bar fili, ki ce su faɗi ranar da ta fi ɓata musu rai a asibiti.

Kada ki raba a makon jarrabawa, kada kuma malami ya karɓa da hannunsa. A karo na biyu da na cike ta, mai maganar rijiya ne ya tsaya a bakin ƙofa yana karɓa. Duk layinmu maki 3 muka jera daga sama har ƙasa.