Tambaya da Amsa: Jiragen Katako na 'Yan Fashin Teku

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna kan layin ɗaukar kwantena a Apapa gardama ta kaure tsakaninmu direbobi. Wasu sun ce 'yan fashin teku na zamanin da manyan jirage masu hawa uku da igwa ɗari suke tuƙawa, kamar yadda ake nunawa a fim. Ni kuma na ce to a ina aka ƙera musu? A raba mana gardama. Daga wani direban tirela, Apapa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kai ka fi kusa da gaskiya. Ɗan fashin teku ba shi da tashar da zai shiga a ƙera masa jirgi, ko gyara ma bai isa ya je nema ba. Ƙwacewa yake yi, ya gyara wa kansa, in ya ruɓe ya yar ya ƙwaci wani. Kusan duk abin da ya shafi jirginsa daga wannan rashin tashar ya samo asali.

A shekarun da fashin ya fi ƙamari, wato daga wajen 1650 zuwa 1730, jirgin da aka fi amfani da shi ƙarami ne, ana ce masa sulup. Jigo ɗaya gare shi, babban ƙyallen da ke kama iska kuma a shimfiɗe yake daga jigon zuwa baya, ba a gicciye ba, shi ya sa yake iya tafiya ko da iskar ta kusa zama ta gaba. Abin da ke nutse cikin ruwa daga jikinsa bai fi ƙafa 8 ba. Yana ɗaukar mutum kamar 75 da igwa 10 zuwa 14. Jirgin yaƙin sarki ya koro shi, sai ya kutsa tsakanin tsibirai inda ruwa ba zurfi, babban jirgin ya tsaya yana kallo. Na Jamaika da na Bamuda sun fi suna, na Bamuda saboda itacen sida da ake yin su da shi, mara nauyi mai jure ruɓa.

Idan suka kama jirgin da ya kwanta musu a rai, kafinta ne ke fara aiki. A rushe ɗakunan da ke goshin jirgin da na bayansa don saman ya zama fili ɗaya, a cire katangun katako na ciki, a huda sababbin tagogin igwa, a ƙara katako a ƙarƙashin inda igwar za ta zauna. A nan ake yin ɓarna: igwa ta yi yawa a sama, nauyi ya koma can, jirgi ya riƙa tangaɗi, mahaɗin katakai su buɗe.

Wasu daga manyan da aka sani ma na fataucin bayi ne aka ƙwace. Queen Anne's Revenge, jirgin shahararren ɗan fashin nan Blackbeard, asalinsa jirgin Faransa ne mai suna La Concorde, an kama shi a Nuwamba 1717, aka ɗora masa igwa har kusan 40. Whydah kuwa, wanda ɗan fashi Sam Bellamy ya kama a farkon 1717, sunan garin Wida na Jamhuriyar Benin ta yau ya ci. Irin waɗannan jirage an yi su da gudu, ga wurin ɗaukar mutane da gangunan ruwa da yawa, abin da ɗan fashi ke nema ke nan. Amma dubi ƙarshensu. Whydah ya nitse a guguwa a gaɓar Amurka ranar 26 ga Afrilu 1717, wata biyu kacal a hannun Bellamy. Na Blackbeard ya kafe a tudun yashi a Yuni 1718. Babban jirgi kwarjini ne, ba ya daɗewa a hannun wanda ba shi da wurin gyara.

Tambaya: Ina koyar da tarihi a wata sakandare. Littafinmu ya ce Francis Drake gwarzo ne, wani kuma ya ce ɗan fashi ne. Wanne zan gaya wa ɗalibai? Daga wata malama, Agege.

Amsa: Malama, ki gaya musu duka biyun, ya danganta da wanda aka tambaya, Ingila ko Sifen. Drake ya zagaya duniya a jirginsa Golden Hind daga 1577 zuwa 1580, ya washe jirgin azurfar Sifen a 1579, Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta karɓi kasonta, aka ba shi sarautar girmamawa a 1581.

Bisa doka, bambancin takarda ce. A lokacin yaƙi gwamnati na ba mai jirgi lasisin kama jiragen ƙasar da ake yaƙi da ita. Yana ajiye kuɗin jingina, kuma duk jirgin da ya kama sai ya kai gaban kotun harkokin teku ta tabbatar halal ne kafin a sayar a raba tsakanin masu jari da matuƙa. Ya taɓa jirgin ƙasar da ba ta cikin takardar, ko ya ci gaba bayan an yi sulhu, ya zama ɗan fashi, hukuncinsa rataya. William Kidd da lasisi ya bar Ingila a 1696, aka rataye shi a Landan a 1701 bayan ya kama jirgin fatake Quedagh Merchant. Sulhun da ƙasashen Turai suka yi a 1713 kuma ya bar dubban matuƙa ba aiki, da yawansu suka ci gaba da sana'ar ba takarda. Yarjejeniyar Faris ta 1856 ce ta soke wannan lasisi a tsakanin ƙasashen da suka sa hannu.

Tambaya: Ni katako nake sayarwa, masu kwalekwale na saya a wurina, kuma na san yadda ruwan gishiri ke cin itace. Yaya jirgin katako zai yi shekaru a teku bai ruɓe ba? Daga wani Alhaji, Ebute Metta.

Amsa: Alhaji, ruɓewa yake yi, sai dai a yi ta jinkirta masa. Abokan gaba biyu ne. Na farko gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo da ke manne wa cikin jirgi. A ruwa mai ɗumi wata biyu zuwa uku sun isa su rage masa gudu sosai, ɗan fashin da ba shi da gudu kuwa ba ya kamawa, ba ya tsira. Na biyu tsutsar teku, wadda aikinta irin na gara ne: tana shiga tun tana ƙanƙanuwa ta ramin da ido ba ya gani, ta cinye cikin katakon ta bar bayansa sumul. Sai ka danna da wuƙa ka ji ya burma. Jirgin Kidd, Adventure Galley, sabo ne a 1695, amma a 1698 an yar da shi a wani tsibiri kusa da Madagaska saboda yoyo ya fi ƙarfin famfo.

Maganin shi ne a kwantar da jirgin a gefensa. Ana neman lungun gaɓa mai yashi mai laushi, inda igiyar ruwa ba ta bugu. A sauke komai: igwa, ganguna, kaya, da yawancin duwatsun da ke ƙasa masu riƙe jirgin a tsaye. A kafa wasu igwan a bakin lungun suna kallon teku. A sauke saman jigo, a toshe tagogin igwa na ɓangaren da zai nutse, a liƙe da kwalta. Sannan a tokare jigon da gungume, a ɗaura igiya mai kura daga kansa zuwa manyan itatuwa a tudu ko zuwa wani jirgin, a yi ta ja a hankali har ƙashin bayan jirgin ya fito fili. Dole a bar wata igiyar da ta bi ta ƙarƙashi tana riƙe shi, in ba haka ba ya zarce ya kife.

Daga nan sai wuta. Ana kunna dammunan busasshiyar ciyawa a riƙa bi da su jikin katakon, tsohuwar kwalta ta narke, abin da ya manne ya mutu, masu kankara su biyo baya. Kafinta na bi yana ƙwanƙwasawa da guduma. Katakon da ya yi amon fanko a cire a sa sabo. Tsakanin katako da katako ana cusa tsohuwar igiya da aka warware aka jiƙa da kwalta, ana buga ta da ƙarfe mai faɗin baki, a bi da tafasasshiyar kwalta a rufe. Ƙarshe a shafe cikin jirgin da haɗin kitse da farar wuta da ƙaro. An gama ɓangare ɗaya, a tayar da shi, a juya, a sake. Aikin kan ci makonni.

Wuraren da ake samun matsala sanannu ne. Wuta ta daɗe a wuri ɗaya, jirgi ya kama. An ja da gaggawa, jigo ya tsage, samun madadinsa a tsibiri kuwa sai an sha wuya. An cusa igiya da ƙarfi fiye da kima a busasshen katako, in ya sha ruwa ya kumbura sai ya ture ɗan'uwansa, ƙusa ta saki. Mafi muni, jirgi a kwance ba ya gudu ba ya faɗa. Haka aka rutsa ɗan fashi George Lowther a tsibirin Blanquilla na yankin Karibiyan a 1723, jirginsa a kwance, igwansa a tudu.

Wasu kan yi wa jirgi riga tun farko: a shafa kwalta da gashin dabba, a rufe da siraran katakai waɗanda tsutsar za ta ci a bar na ciki. Wasu su shiga kogi, don tsutsar ba ta rayuwa a ruwan daɗi, ko da yake tana iya toshe raminta ta jure na ɗan lokaci, saboda haka kwana biyu ba ya isa. Masu kwalekwalenka za su gane wannan, tunda gishirin tafkin Legas na ƙaruwa da rani ya ragu da damina. Rufin tagulla, wanda shi ya kashe maganar, sai a 1761 sojan ruwan Ingila suka gwada shi a jirgin Alarm, shi ma ya zo da tasa matsalar, don tagulla da ƙusar ƙarfe in sun haɗu a ruwan gishiri ƙarfen ne ke cinyewa, sai da aka koma ƙusoshin tagulla.

Tambaya: Shin waɗannan mutane sun taɓa zuwa ruwan Legas? Daga wani ɗalibi, Obalende.

Amsa: Sun yi yawo a wannan gaɓa tamu, amma a wancan lokacin kasuwar tana Wida da gaɓar Gana ta yau. Cinikin Legas da Turawa sai can ƙarshen ƙarni na 18 ya bunƙasa. Ga kuma tudun yashin da ke bakin tafkin, wanda ya hana manyan jirage shigowa. A waje suke jefa anka, kwalekwale ya yi jigila, har zuwa farkon ƙarni na 20 da aka gina katangun duwatsu a bakin mashigar aka yashe ta.

Wanda ya fi shahara a nan shi ne Bartholomew Roberts. A Anomabu ta gaɓar Gana 'yan fashi suka kama shi a 1719 yana aiki a jirgin bayi, cikin makonni ya zama shugabansu. A Janairu 1722 ya shiga Wida ya tarar da jirage 11, suka miƙa wuya ba faɗa. Kyaftin ɗin ɗaya daga jiragen, mai suna Porcupine, ya ƙi biyan fansa, mutanen Roberts suka cinna wa jirgin wuta da bayi kusan 80 a ɗaure a ciki. Duk mai yi wa 'yan fashin nan kallon jarumai ya riƙe wannan. Jirgin yaƙin Ingila Swallow, ƙarƙashin Chaloner Ogle, ya iske su a Kef Lofez ta Gabon. Ya yi kamar gudu yake, ɗaya daga jiragensu ya bi shi har suka ɓace wa sauran, ya juyo ya kama shi. Ranar 10 ga Fabrairu 1722 ya dawo wa Royal Fortune, jirgin Roberts, mutanen cikinsa da yawa a buge, harsashi ya sami Roberts a maƙogwaro. An yi shari'a a Kef Kos ta Gana, aka rataye 52.

Tambaya: Da gaske ne suna nitsar da jirage da igwa kafin su kwashe kaya? Daga wata Hajiya, Idi-Araba.

Amsa: Hajiya, wanda ya nitsar da jirgi ya nitsar da ganimarsa, kuma in aka fasa masa nasa ba shi da inda zai kai gyara. Saboda haka tsoro suka fi sayarwa. Su matso da tutar wata ƙasa, sai sun zo daf su ɗaga baƙar tuta, su harba guda ɗaya ta gaban jirgin. Jirgin fatake mai matuƙa 15 ko 20, kowace igwa kuma na son mutum huɗu zuwa shida, ya ga mutum 80 da adduna, yawanci saukar da ƙyallensa yake yi. In ya gudu, sai a harba ƙwallaye biyu da aka haɗa da sarƙa don su tsinke igiyoyi su yaga ƙyalle, jikin jirgin ya tsira.

Ɗura igwar kanta jere gare ta. A fara zura jiƙaƙƙen soso a kashe sauran garwashi, wani ya toshe ƙaramin ramin kunnawa da babban yatsa don kada iska ta hura wutar. A tura jakar albarushi, nauyinta kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin nauyin ƙwallon. Ƙwallon matsakaiciyar igwa bai kai kilo 3 ba. A bi da tsumma, sannan ƙwallo, sannan wani tsumman don kada ya gangaro in jirgi ya karkata. A soka jakar da tsinke ta ramin, a zuba albarushi mai laushi, a ja igwar zuwa taga, a kunna. Igiya mai kauri ce ke tare ta in ta yi baya. Ta tsinke, igwar ta bi ta kan mutane. An manta soso kuwa, albarushin ya tashi a hannun mai ɗurawa.

Wani lokaci ƙarfen ne ke fashewa. A Satumba 1695 ɗan fashi Henry Every, a jirginsa Fancy mai igwa 46, ya tare Ganj-i-Sawai, jirgin Sarkin Indiya Aurangzeb da ke komawa Surat ɗauke da dukiya da alhazai. Jirgin Indiyan ya fi girma, ya fi igwa da mutane. Amma da aka fara musayar wuta wata igwarsa ta fashe ta kashe masu harba ta, harbin Fancy kuma ya karya masa babban jigo, a cikin wannan ruɗanin mutanen Every suka jefa ƙugiyoyi suka hau.