Tarin Tumaki: Tsutsa ce ko Ƙura?

Tambaya: Malam, tumakina na turke sun kama tari da atishawa tun shigowar hunturu, majina kuma ba ta tsayawa. Na ba su maganin tsutsa albendazole har sau biyu, ba canji. Me zan yi? — Mai kiwo daga Funtuwa

Amsa: Malam, kafin ka sake sayen magani, auna zafin jikinsu ta dubura. Na lafiyayyar tunkiya bai cika wuce digiri 40 ba. In ya haura haka, tana haki, ta bar cin abinci, ko ga zawo da gyambo a baki, ware ta ka kira likitan dabbobi a ranar, don ciwon huhu ko PPR (annobar tumaki da awaki) ba sa jira.

In babu zazzaɓi, sai a duba sauran dalilai. Da wuya tsutsar huhu ce. Ita da damina take kamawa, a makiyaya mai laima, ta fi damun 'yan raguna, kuma albendazole yana kashe ta in an ba da daidai.

Wadda ba ya taɓawa ita ce tsutsar hanci. Wani ƙuda ne ke zuba ta a ƙofar hanci, ta haura ciki ta girma har kusan santimita 3. Tunkiya sai ta riƙa kaɗa kai, tana goga hanci a ƙasa, majina mai kauri ta daskare da ƙura. Maganinta allurar ivermectin mai kashi 1 cikin 100, mililita 1 ga kowane kilo 50, a ƙarƙashin fata. Ka auna nauyin, kar ka kimanta da ido. Ƙaramin awo shi ke sa tsutsa ta saba da magani. Wadda za a yanka kuma, a cika kwanakin jira da ke jikin kwalba.

Sai ƙura da fumfuna, waɗanda babu maganin tsutsar da zai yi musu komai. Lura da lokacin tarin. In yana tashi ne da an zuba harawa ko busasshiyar dusa, can matsalar take. Karkaɗe harawar a waje, yayyafa mata ruwa, dama dusar. Wadda ta yi baƙi-baƙi tana warin ruɓa a zubar. Kwashe takin da ya taru, a buɗe wa ɗakin iska ta sama.

Albendazole ɗin kuwa dakata da shi, musamman ga tunkiyar da ke watan farko na ciki, yana iya lahanta ɗan tayi.