Amsa: sai na sauke bulokcen a kwamfuta biyun ne?

Wa alaikumus salam dan uwa. Ka ce kana da laftof biyu, daya za ta zauna a intanet a matsayin nod (kwamfutar da ke tantance cinikayyar Bitcoin da kanta), dayar kuma ba ka so ta taba shiga intanet, shine kake tambaya ko dole sai ka sauke bulokcen din Bitcoin (kundin duk cinikayyar da aka taba yi, jere bulok-bulok) a kowacce. A'a wallahi. Wacce ba ta intanet ba ta bukatar ko bulok daya, aikinta kawai ta rike makullan sirri (wadanda da su ake kashe kudin) ta sa hannu a kan biya. Ka saka mata manhajar Bitcoin Core ka bude walet shikenan, ko tana nuna maka wai an bar ta a baya da shekaru kar ka kula ta.

Wahalar tana kan ta intanet din. Bulokcen ya haura 600GB, kuma sai ta tantance shi tun daga bulok na farko na Janairun 2009. In faifanka karami ne ka rubuta prune=550 a cikin fayil din saitin manhajar, wato bitcoin.conf, za ta rika goge tsofaffin bulok bayan ta duba su. Amma fa wuri kawai wannan yake rage maka, datar nan sai ka kona ta gaba daya, don haka ka nemi inda ake da intanet mara iyaka kafin ka fara. Ni da tsohon faifan HDD na fara, ya dinga jan kafa har na gaji, da na koma faifan SSD mai sauri abin ya zama wani daban. Sannan maganar wuta, in aka dauke tana cikin rubutu bayanan suna iya lalacewa, kuma mai prune in ya lalace daga farko zai sake saukewa, to ka tabbatar batirin yana rike caji ko ka hada da inbata, kuma ka rika rufe manhajar ka jira ta gama kafin ka kashe.

Daga bitcoincore.org kadai za ka sauke Bitcoin Core din, ka gwada shi da fayil din SHA256SUMS (na tabbatar da ba a canza shi ba) kafin ka kwafa a filash ka kai wa wacce ba ta intanet. Kar ka karbi wanda wani ya turo maka a Telegram ko waye shi.

Yadda nake hada su: a ta sirrin, wato wacce ba ta intanet, na bude walet da kalmar sirri, na buga umarnin listdescriptors haka nan ba tare da na kara kalmar true ba don makullan fili kawai nake so su fito, na kai su ta intanet a filash, can na bude walet mara makullin sirri na shigar da su da umarnin importdescriptors. Ka yi wannan kafin ka tura ko sisi, domin nod mai prune ba zai iya komawa ya binciko tsohon bulok da ya riga ya goge ba. In za ka biya wani sai ka danna Create Unsigned a ta intanet, ta ba ka fayil na PSBT (biyan da ba a sa masa hannu ba tukuna), ka kai ta sirrin ka karanta adireshi da adadi da kudin caji a allonta da idonka, ka sa hannu, ka dawo da shi ka watsa. Filash din nan kar ya yi wani aiki bayan wannan, kuma in za ka iya ka zare katin wayfay din ta sirrin gaba daya.

Abin da ya fi damuna da mutanenmu shine ajiya. Bitcoin Core ba ya ba da kalmomi 12 din nan da aka saba da su a walet din waya, fayil din walet mai suna wallet.dat shine dukiyarka, shi da kalmar sirrin. Laftof din ta mutu ba ka da kwafi, kudin sun tafi kuma babu ofishin da za ka kai kuka. Ka yi kwafi biyu ka ajiye a wurare daban, ka gwada dawo da daya ka ga adireshin sun yi daidai. Kuma ka fara yin duk wannan a signet, wato Bitcoin din gwaji, inda kudin ba na gaske ba ne, in ka makale ka turo abin da allon ya rubuta mu duba tare, amma banda makullin sirri.