Hukuncin tarar jinkiri da riƙe aikin kwastoman da ya ƙi biya

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina da ƙaramin kamfani na zane da gina shafukan intanet, da ma'aikata huɗu. Wani mai hali ya ba mu aikin tambari da shafin kasuwancinsa, ya biya rabin kuɗin aikin a matsayin kafin alƙalami, muka rubuta cewa gyara sau 2 ne kawai. Ya sa mun yi gyara fiye da sau 10, kullum ina ce masa "ba damuwa" don kada mu rasa shi, ga shi yana kiran ma'aikatana cikin dare yana zaginsu. Mun makara da mako 2 wajen miƙa aikin, yau wata 4 ke nan ya ƙi cika ragowar. A takardarmu ta neman biya akwai sharaɗin ƙarin kashi 5 cikin 100 duk wata ga wanda ya jinkirta. Shin ya halatta in karɓi wannan ƙarin, in caje shi kuɗin gyare-gyaren, in rufe shafin tunda kalmomin sirrinsa suna hannuna, kuma in gargaɗi abokan sana'a a kansa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya fitar maka da haƙƙinka, ya sanya albarka a sana'arka. Ragowar kuɗin da kuka yi yarjejeniya a kai naka ne, kuma taurin bashin mai hali zalunci ne, babu saɓani a nan. Sai dai a cikin wasiƙarka akwai kalma guda da ka ambata a wuce, alhali ita ce ta juya hukuncin gyare-gyaren gaba ɗaya, wato "ba damuwa".

Kun rubuta gyara sau 2, sannan ya nemi na uku da na huɗu, kai kuma ka amsa masa da fara'a ba tare da ka ambaci kuɗi ba. Duk mai hankalin da ya ji haka zai fahimci ka yafe sharaɗinka, domin sharaɗin naka ne, kuma mai haƙƙi yana da ikon sauke haƙƙinsa. Saboda haka bai halatta ba, yanzu da zuciya ta ɓaci, ka dawo ka yanka wa abin da ka nuna kyauta ne farashin da ka ga dama. Amma idan yarjejeniyarku ta ce gyaran da ya wuce 2 da kuɗi ake yin sa, ko ka taɓa gaya masa haka ko da sau ɗaya ne a cikin saƙo, to kana da ladan da aka saba biya a irin wannan aiki, abin da malaman fiƙihu ke kira ujratul misli, kuma masana sana'ar ne za su ƙiyasta shi, ba kai ba. Ka koma ka bi saƙonnin da ke tsakaninku a tsanake kafin ka rubuta masa komai.

Makarar mako 2 ma ka dube ta da idon adalci. Idan gyare-gyarensa ne suka jawo ta, babu komai a kanka. Idan kuwa ka karɓi wasu ayyuka ne da suka fi ƙarfin ma'aikata huɗu, to mutumin yana da abin faɗa. Lokacin da wani ya zo yana neman bashinsa wurin Annabi (SAW) da kaushin harshe, sahabbai suka yunƙura, sai ya hana su, ya ce mai haƙƙi yana da magana. Mugun halin kwastoma ba ya goge gaskiyar da ke cikin ƙorafinsa, kuma yawanci sulhu yana farawa ne daga ranar da ɗayan biyun ya amsa laifinsa.

Ƙarin kashi 5 cikin 100 kuwa bai halatta ka karɓa ba, kuma ina ba ka shawara ka cire shi daga takardunku tun yau. Daga lokacin da ka miƙa aiki, ragowar kuɗin ya zama bashi a wuyansa, kuma duk ƙarin da aka ɗora wa bashi saboda wucewar lokaci shi ne ainihin ribar jahiliyya, wadda mai bin bashi ke cewa ko dai ka biya ko ka ƙara. Imam Haɗɗab, malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 954 bayan hijira, ya bayyana cewa idan wanda ake bi ya ɗaukar wa mai binsa alkawarin ƙarin wani abu in bai biya a ranar kaza ba, babu saɓani kan ɓacin wannan alkawari, domin riba ce ƙarara. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na 12 da ta yi a Riyad a shekarar 2000, ta halatta sharaɗin tara a kan ɗan kwangilar da ya jinkirta aiki, amma ta hana shi a kan wanda ya ba da aikin idan ya jinkirta biya, saboda na farko aiki ake binsa, na biyu kuwa kuɗi.

Na san za ka ji masu cewa wasu malaman zamani sun halatta a ci mai taurin bashi diyya, kuma gaskiya ne, fitacce a cikinsu shi ne Shaihu Musɗafa Zarƙa, malamin Siriya da ya rasu a 1999, Allah ya jiƙansa. Hujjarsu ita ce mai halin da ya ƙi biya tamkar mai ƙwace ne, ya hana mai kuɗi amfanin kuɗinsa, shari'a kuma ta zo da gusar da cuta, sannan hadisi ya ce jinkirin mai hali yana halatta mutuncinsa da yi masa uƙuba. Wannan magana tana da daɗin ji ga wanda aka riƙe wa kuɗi, amma ba ta da ƙarfi. Magabata, irin su Sufyanus Sauri, sun fassara halatta mutuncin da cewa mai bin bashi ya faɗi cewa wane ya ja mini rai, uƙubar kuma sun fassara ta da ɗauri, wanda aikin alƙali ne. Taurin bashi ba sabon ciwo ba ne, alƙalan Musulunci sun yi ƙarnuka suna fama da shi, suna tsare mai hali, suna sayar da kayansa su biya masu binsa, kuma da ƙarin kuɗi yana cikin magungunan da shari'a ta yarda da su da shi ne mafi sauƙi a hannunsu, amma ba su bi ta nan ba. Ƙiyasi da mai ƙwace shi ma bai zauna daidai ba, domin gida ko abin hawa suna da amfanin da ake ba da haya a kansa, kuɗi kuwa ba a ba da hayarsu, kuma ribar da kake cewa da ka samu abu ne na zato, wataƙila da ka juya su asara za ka yi. Ayoyin riba ba su ware mai hali suka ce shi a ƙara masa ba, cewa suka yi kuna da uwar dukiyarku, ba ku zalunta ba, ba a zalunce ku ba.

Abin da ya kamata ka lura da shi sosai shi ne, ko shi Shaihu Zarƙa bai halatta abin da ke cikin takardarka ba, domin a wurinsa alƙali ne ke ƙiyasta cutar bayan ta auku, ba ɓangarorin biyu su yanke adadi tun farko ba. Ke nan kashi 5 na kowane wata ba shi da mafaka ko a ra'ayin masu sassautawa. Akwai kuma illar da na sha gani ga masu irin wannan sharaɗi: sannu a hankali sai mutum ya daina damuwa da jinkirin, domin kowane wata da ya wuce ƙaruwa ce gare shi. Abin da za ka iya nema a bisa gaskiya shi ne kuɗin da ka kashe wajen kai ƙara gwargwadon yadda aka saba, domin Ibnu Taimiyya da wasunsa sun ɗora wannan a kan wanda taurin bashinsa ya tilasta aka kai shi gaban alƙali.

Batun riƙe aiki yana da fuska biyu. Abin da kuka ƙera da hannunku kuma ba ku miƙa ba tukuna, kamar ainihin fayilolin zane, kana da ikon riƙe su har ya biya, kamar yadda tela ke riƙe ɗinkinsa. Kalmomin sirrinsa, da adireshin shafin da aka yi rajista da sunansa, da shafinsa na Facebook, da bayanan masu saye a wurinsa, waɗannan amana ce ya ba ka domin aiki, ba jingina ba. Kada ka canza su, kada ka goge komai, kada ka rufe masa kasuwa, domin an ce ka mayar da amana ga wanda ya amince maka kuma kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka, ban da cewa cutar za ta faɗa kan ma'aikatansa da masu hulɗa da shi waɗanda ba su ci maka komai ba. Idan akwai hidimar da kake yi masa wata-wata, ka sanar da shi a rubuce ranar da za ka dakatar, ka ba shi lokacin da zai ishe shi ya kwashe kayansa.

Gargaɗin abokan sana'a ya halatta ga wanda ya nemi shawararka ko ka san yana dab da ƙulla aiki da shi, ka faɗi abin da ya faru ba ƙari, har da makararku. Watsa hotunan hirarku a intanet don huce haushi bai shiga cikin wannan rangwame ba.

Akwai abin da ba ka tambaya ba wanda ya fi tsaya mini a rai, wato ma'aikatanka. Kai ne shugabansu kuma za a tambaye ka a kansu, bai dace ka bar wani yana tashinsu daga barci da zagi don kawai kana tsoron rasa cinikinsa ba. Ka karɓe hulɗar da shi zuwa hannunka, ka gaya masa cikin ladabi lokutan da ake kiran ofis, ka kuma nemi afuwarsu kan abin da suka haɗiye saboda shirunka, albashinsu ma kada ya makara da hujjar cewa wane bai biya ba. Aikin da aka ƙulla ba ka da ikon watsar da shi a tsakiya sai da yardar juna, amma babu abin da ya wajabta maka karɓar sabon aiki daga hannunsa. Nan gaba ka riƙa rarraba biya bisa matakan aiki, ka rubuta kuɗin kowane ƙarin gyara tun farko, kuma ka nemi wani dattijo da yake jin nauyinsa ya shiga tsakaninku kafin ka je kotu.

Allah ne mafi sani.