Shin fetur na iya jawo sankarar jini?

Tambaya: Salamu alaikum, likita. Yayana ɗan bumburutu ne, ya daɗe yana zuƙo fetur da tiyo daga tankin mota zuwa jarka. Yanzu an ce yana da sankarar jini. A gida wasu na cewa gado ne, wasu na cewa man ne. Wanne ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Yaya lafiya, Ya sa kaffara ce.

Masu zargin man sun fi kusa da gaskiya, duk da cewa cutar kan kama wanda bai taɓa sana'ar mai ba. A cikin fetur akwai sinadarin benzin, wanda hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam sankara. Tun a shekarun 1970 wani likita a Turkiyya, Muzaffer Aksoy, ya lura cewa masu haɗa takalma a Istanbul, waɗanda ke wuni suna shaƙar gam mai benzin, suna kamuwa da sankarar jini fiye da sauran jama'a.

A cikin ɓargo ake yin jini. Can akwai uwayen ƙwayoyi masu haifar jajaye da fararen ƙwayoyin jini kullum, kowace na ɗauke da DNA mai faɗa mata lokacin da za ta rabu biyu da lokacin da za ta tsaya. Idan benzin ya shiga jiki ta numfashi ko ta fata ko ta baki, hanta ce ke sarrafa shi, abin da ya fito daga hantar kuma ya fi na farko guba. Shi ke gangarawa ɓargo yana kakkarya kuromosom, wato dunƙulen DNA da ke cikin ƙwaya, kowanne da lambarsa, galibi na 5 da na 7. Jiki na gyara mafi yawan ɓarnar, amma shekara da shekaru sai kura-kurai su taru a ƙwaya guda, ta daina balaga, ta yi ta yaɗuwa har ta cika ɓargon. Daga nan mutum ya ɗashe, ya riƙa gajiya, zazzaɓi na dawowa, dasashi na jini.

Batun gado kuwa, ku kwantar da hankali. Mafi yawan wannan lalacewa tana faruwa ne a ɓargon mutum bayan an haife shi, ba ta wucewa ga 'ya'yansa. Ko kuromosom ɗin Filadelfiya, wata lalacewa da ake gani a wasu masu sankarar jini, da aka gano a 1960, inda na 9 da na 22 ke musayar guntu, ba a gadonsa daga iyaye.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran da ke tsaye a bakin titi tare da Yaya. Na san da wannan sana'a ake ciyar da gida, ba zan ce a bar ta yau ba. Amma a daina sa tiyo a baki, a sayi ƙaramin famfon hannu. Kada a wanke hannu da fetur kamar yadda makanikai suka saba, kada jarka ta kwana a ɗakin da ake barci. Mai shan sigari ya sani akwai benzin a hayaƙinta. Duk wanda ya daɗe a sana'ar ya je a yi masa gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini.

Shi kuma Yaya, a kai shi wurin likitan jini a asibitin koyarwa ba tare da jinkiri ba, a tantance irin sankarar, domin kowane iri da maganinsa. A kuma gaya wa likitan sana'arsa da tsawon shekarun da ya yi a cikinta.